Farantai Arba'in da Na Yi wa Fenti Tun Suna Ɗanye

Har yanzu idan na buɗe akwatin da nake ajiye burushi da kwalaben fenti, idona yakan faɗa kan wani ƙaramin faranti shuɗi wanda bayansa ya yi bororo, kuma raina yakan sosu kamar jiya abin ya faru. Shi kaɗai na rage daga cikin guda 40 da na fara yi domin bikin ƙanwata a nan Katsina, cikin watan Janairu, lokacin da hunturu ya kankama. Ni ce da bakina na ce wa iyayenmu mata a bar mini kayan rabon ƙawayen amarya, domin na gaji da bokitin roba da kofi mai hoton ango da amarya. Na ce zan yi musu ƙananan farantan ajiye zobe da 'yan kunne da yumɓun nan na cikin leda, wanda iska ke busarwa ba tare da an gasa shi ba.

Ginin bai ba ni wahala ba. Na murza yumɓun da kwalba, na yanka da murfin gwangwani, na ɗaga gefensa da yatsa, sannan na zana dagi a tsakiyar kowanne da tsinken sakace. Sai dai tsoron kada su karye ya sa na bar su da kauri, kusan santimita ɗaya, kuma na jera su a kan teburin da na shimfiɗa wa leda don kada su manne. Waɗannan abubuwa biyu, kaurin da ledar, su ne suka haɗu da gaggawata suka yi mini ɓarna, amma a lokacin ina ganin dabara na yi.

Duk wanda ya san hunturun Katsina ya san yadda yake busar da wanki kafin a gama shanya. Washegari da yamma saman farantan ya yi fari fat, ya yi tauri, na ƙwanƙwasa da farce na ji ƙara. Rubutun jikin ledar yumɓun ya ambaci awa 24, ni kuwa na ƙirga awa 24 ta cika, ban tsaya na yi tunanin cewa abu mai kauri da ke kwance a kan leda ta fuska ɗaya kawai yake shan iska ba. Na goge su da sanfefa mai laushi, na shafa farin fenti a matsayin shimfiɗa, na bi da shuɗi da kore na akirilik, na zagaye bakin kowanne da ruwan zinare, ina kwaikwayon irin zanen da ake gani a fuskar tsofaffin soraye na cikin birni. Dare uku na yi a kan wannan aiki. Da na gama na shafe su ciki da baya da man sheƙi har sau biyu, na naɗe kowanne a farar leda, na ɗaure da zare, na shirya su a kwali. Na ɗauki hotonsu na tura wa 'yan uwa a WhatsApp, aka yi ta sa mini albarka.

Bayan kwana biyar na buɗe kwalin don in nuna wa Goggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta zo taya mu shirin biki. Warin fumfuna ne ya fara dukan hancina. Cikin ledojin ya yi raɓa, man sheƙin ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, fentin bayan farantan ya kumbura yana saɓulewa, kuma da na danna ɗaya da babban yatsa sai ya lotsa kamar sabulun da ya kwana a ruwa. Goggo ba ta ce komai ba da farko. Ta ɗauki wani da na ajiye a gefe cikin leda ban yi masa fenti ba saboda gefensa ya karkace, ta kara shi a kuncinta, ta ɗan yi jim, sannan ta ce, "'Yar nan, ai wannan ɗanye ne. Ba ki ji sanyinsa ba?" Na ce, "Goggo, wallahi ya yi tauri tun ranar farko." Ta ce maginan tukwane da ta tashi a kusa da su ba sa kai tukunya wuta sai sanyin jikinta ya fita, domin ido yana ruɗin mutum a kan laka.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wannan yumɓu fitar ruwa kawai ke sa shi tauri, ba kamar randa ko tulu ba da wuta ke sauya musu hali har su riƙe ruwa. Shi kuma fentin akirilik idan ya bushe wata siririyar fata yake zama mai kama da roba, man sheƙi ya ƙara toshe sauran kafofin. Ke nan da hannuna na kulle danshin a ciki, na kuma ƙara masa leda a kai, bai sami hanyar fita ba sai ta ɗaga fentin. Da na bar su a buɗe har sun bushe sosai, da dare ukun nan da kuɗin fentin ba su tafi a banza ba.

Saura kwana tara a yi kamu, don haka na sake sayen yumɓu na fara daga tushe. A wannan karon na rage kaurin zuwa rabin santimita, na jera su a kan ragar waya yadda iska za ta ratsa ta ƙasa, cikin ɗaki, nesa da taga. A daren farko na lulluɓe su da mayafi marar nauyi, domin iskar hunturu idan ta bugi ɗanyen yumɓu kai tsaye gefensa kan riga tsakiya bushewa ya dare. Ina juya su safe da yamma. Saboda na daina yarda da idona, na ɗauko ƙaramin sikelin da nake auna fulawa, na ware guda uku ina auna su kowace safiya ina rubutawa. Nauyinsu bai daina raguwa ba sai a rana ta huɗu, alhali tun rana ta biyu suna kama da busassu. Ko bayan haka sai da na kara kowanne a kuncina kamar yadda Goggo ta yi kafin in taɓa burushi.

Wajen fentin ma na sauya hannu. Na riƙa shafawa kaɗan-kaɗan ba tare da jiƙa burushin sosai ba, tunda ruwa yana sake narka fuskar yumɓun, kuma na gama cikin farantin na bar bayansa tsirara har kwana ɗaya kafin in rufe shi. Man sheƙi sai a ranar ƙarshe, tare da kifa musu kwando saboda ƙurar hunturu tana mannewa a jikinsa tun yana ɗanye. Leda kuwa ban sake kusantar ta ba, a takarda na naɗe su.

Guda 28 na iya gamawa, sauran ƙawaye 12 aka cika musu da kofunan da na raina tun farko, kuma wannan ma yana cikin abin da ke ci mini rai. Duk wadda na miƙa wa nata na gaya mata kada ta wanke shi da ruwa, kada ta zuba abinci, kada kuma ta sa garwashin turare a kai. Duk da haka, mako biyu bayan biki wata daga cikinsu ta kira ni tana tambaya ko zan iya gyara nata, domin ta jiƙa shi a baho tare da kwanukan wanke-wanke.