Farfesa da ƙwan kifin Logon

Malamin da ya koya mana ilimin halittu a jami'a ya ajiye aiki a bana, kuma ina ganin ya cancanci a faɗi irin aikin da ya yi, domin yawancin masu cin arzikin kifi daga Yagwa zuwa Kusiri har Blangwa, a arewacin Kamaru, ba su san akwai wanda ya kwashe shekarun aikinsa yana bin diddigin lokacin da kifi ke ɗaukar ƙwai da inda yake zubar da shi ba. Ni ɗan mai fataucin banda ne, na tashi ina ganin ana loda kwalaye zuwa Marwa da Maiduguri, amma sai a ajinsa na fahimci cewa yawancin kifin da ake kamawa a kogi da rani, a cikin ciyawar fadama ya yi ƙuruciyarsa da damina.

Aikin kansa ba shi da ƙyalƙyali. Tun da asuba Malam yake isa bakin ruwa da ɗalibansa, ya gaisa da sarkin ruwa, ya sayi kifi a hannun masunta da kuɗinsa kamar kowane mai saye. A kan wani allo mai zanen awo ake shimfiɗa kifin a auna tsawonsa, a ɗora shi a sikeli, sannan a tsaga cikin a zaro jakar ƙwan a auna ta ita kaɗai. Idan nauyin jakar ya yi ta ƙaruwa wata bayan wata idan an kwatanta shi da nauyin kifin, an san lokaci ya gabato, ranar da kuma aka fara samun jakar a saɓule, an san kifi ya zubar. Wanda yake son sanin yawan ƙwan sai ya yanki ɗan guntu ya auna, ya ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, ya yi lissafin sauran. Shekarun kifi kuwa a jikin ɓawonsa ake karantawa, saboda lokacin da girmansa ya tsaya yakan bar zobe. Duk wannan a littafi Malam yake rubutawa da fensir, tunda tawada ba ta jure ruwa, kuma bai taɓa yarda a tsallake wata guda ba, don a cewarsa watan da aka tsallake yana iya ɓata lissafin shekara.

Abin da littafin ke nunawa shi ne kowane kifi da dabararsa. Tarwada tana jiran ruwa ya hau ciyawa, ta shiga da dare ta watsa ƙwai ta yi gaba abinta. Karfasa irin ta Nilu, macen ce ke kwashe ƙwan a bakinta, ta haƙura da cin abinci har 'ya'yan su ƙyanƙyashe su iya iyo. Bargi yana share fili zagayayye a tsakiyar ciyawa ya yi sheƙa, ya tsaya gadi. Gaiwa kuwa, da ruwa ya janye sai ta nutse cikin laka ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, tana shaƙar iska ta wata 'yar kafa har damina ta dawo. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne salanga, wanda a da yakan taso daga tafkin Chadi ya hau kogunan Shari da Logon ya yi ƙwai a lokacin cikar ruwa, 'ya'yansa su yi ƙiba a fadamun yayre, wato filayen da ambaliyar Logon ke mamayewa, sannan su gangara tafkin ta rafin El Beid. Kifin da rayuwarsa ta rataya a kan doguwar hanya irin wannan, ko'ina aka datse ta an gama da shi.

Malam bai taɓa ɓoye cewa a kan aikin wasu ya ɗora nasa ba. Bafaranshe Jacques Blache ya fitar da littafin kifayen yankin Chadi a 1964, shekarar da aka kafa Hukumar Tafkin Chadi, sannan masu bincike na ORSTOM, cibiyar binciken kimiyya ta Faransa, da ke reshenta na Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, suka biyo baya: Jean-René Durand ya bi rayuwar salanga, Vincent Bénech da Jacques Quensière suka bi ƙaurar kifaye tsakanin tafki da fadama. A idonsu fari na 1972 da 1973 ya faɗo. Tafkin da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya rabe biyu, ruwan da ya rage ya zama fadama mai ƙarancin iska, kifayen buɗaɗɗen ruwa suka yi ta mutuwa, masu jure wahala irin su tarwada da karfasa suka gaje wurin. A 1979 aka gina madatsar Maga domin shinkafar SEMRY, kamfanin noman shinkafa na gwamnatin Kamaru, tare da shingen da ya bi gefen Logon, ambaliyar da ke shayar da yayre ta ragu ƙwarai. Sai a 1994 aka sake buɗe wani rafi domin a maido wa wani sashe na fadamar ruwansa, kuma da ruwan ya dawo kifi ya biyo shi.

A nan nake ganin darajar aikin Malam. Alƙaluman Turawan nan suna da kyau, amma tafkin da suka fara aunawa babu shi yanzu, kuma su sun tafi. Dole sai an sami ɗan ƙasa da zai zauna ya ci gaba da awo a ruwan da muke da shi, wanda zai iya zama a tabarma ɗaya da Kotoko da Musgum da Hausawa masunta, ya kira tsoho Baba, ya tambaye shi yaushe ya fara ganin 'ya'yan bargi bana, ya kuma ɗauki amsar da muhimmanci. Ya yi wannan yana fama da aji cike da ɗalibai, da kuɗin bincike da ba ya isa man kwalekwale, da rashin tsaron da ya hana zuwa bakin tafki tsawon shekaru.

Ya sha faɗa a tarurruka cewa dokar hana su ba ta da amfani in ba a ɗora ta a kan watannin da kifi yake ƙwai ba, kuma ya fi jin zafin masu kamun 'ya'yan kifi da gidan sauro, da masu jera dumba su tare hanyar ruwa baki ɗaya, da yawan magudanan da ake haƙawa a yayre waɗanda ke tsotse fadama kafin ƙananan kifi su yi ƙwari. Ban taɓa jin ya zagi masunci ba, don ya san talauci ne ke sa mutum ya ci irin shukarsa. Shi ya sa a ƙarshen aikinsa ya karkata ga koya wa matasa ƙyanƙyasar tarwada a kwarmi, daga allurar da ke sa mace ta saki ƙwai zuwa renon 'ya'yan a makonnin farko, lokacin da suka fi mutuwa.

Littattafan awonsa suna nan a kwalaye a gidansa, wasu gara ta fara taɓa gefensu. Mu 'yan kaɗan daga cikin tsofaffin ɗalibansa mun nemi izininsa, mun fara shigar da su kwamfuta shafi bayan shafi, muna farawa da na tarwada da karfasa, domin su ne masu aikin gona da masunta suka fi tambaya a kansu.