Lahadi, da dare

Baba Fasto ya tafi taro Kano, wa'azin yau ya faɗo kaina. Kwana uku ina shiri a kan Markus sura 4, misalin mai shuka. Na ce ai kowa a nan manomi ne, wannan zai shiga. Zumuntar Mata sun yi waƙa da tulu da kacau-kacau har zuciyata ta yi sanyi, na hau na yi minti 40. Irin da ya faɗi bakin hanya, na kan dutse, na cikin ƙaya, da wanda ya ba da riɓi 30, 60, har 100. An yi ta amin. Na sauko da farin ciki.

Bayan an ƙirga baiko, Baba Dattijo ya yafito ni gindin darbejiya. Littafinsa Mai Tsarki na kan cinya, tsohon juyin nan na 1932 da ba ya rabuwa da shi.

Ya ce, "Ɗana, sannu da aiki. Amma ka taɓa ganin na watsa gero a gonata?"

Na ce a'a, Baba.

"To yaya muke yi?"

Na ce a sara da sungumi, a zuba iri, a rufe da diddige.

"Idan wani gurbi bai tsiro ba fa?"

"Sai a koma a sake zubawa, Baba."

Ya yi shiru, ya dubi bencin samari ta taga. Ya ce, "Kai ne shugaban matasa. Tun da aka gama yankan gero mutum nawa suka tafi ci-rani?" Na ƙirga a raina, bakwai. Uku suna dako a Dawanau, biyu na jan adaidaita sahu, sauran ko inda suke ban sani ba. "Wa ka kira a cikinsu?"

Ban kira kowa ba. Lambobinsu duk suna wayata.

Bai yi mini faɗa ba, shi ne ma abin da ya fi damuna. Ya ce wa'azin daidai ne, Ubangiji ya faɗi yadda ake shuka a ƙasarsu, amma mu nan gurbi-gurbi muke bi, kuma mai gona ya san gurbin da ya mutu. Ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Koyon waƙa da yamma, mutum biyar kawai. Batirin lasifika ya sake mutuwa. Inna ta yi tuwon sabon gero da miyar kuka, kaɗan na ci.

Ɗazu na hau tudun bayan makaranta inda ake samun sabis, na kira autan gidan Baba Ma'aji. Ya ɗauka da mamaki, ya tambaya ko an yi rasuwa ne. Na ce lafiya lau, gaishe ka kawai nake. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce wata biyu ke nan bai shiga sujada ba, kunyar kayan jikinsa yake ji a cocin birni.

Kati ya ƙare muna cikin magana. Saura shida.