"Yaronka Zai Zo Da Ƙarfe?"

Shekara tara ke nan ina riƙe da ɗan kamfanin gadi a Kaduna, yarana ba su kai talatin ba. Muna tsaron shaguna, gidajen mai biyu da wata makarantar kuɗi. Kafin ma a yi maganar kuɗin wata, tambayar da ake fara jefo mini ita ce: "Yaronka zai zo da ƙarfe?"

Ba zai zo ba. Dokar kamfanonin gadi ta 1986 ta hana mu riƙe bindiga, kuma Sibil Difens na sa mana ido. Namu kulki ne, tocila, usur da oba-oba.

Wani Alhaji mai harkar hatsi, wanda ke zirga-zirgar Dawanau da kuɗi a jaka, ya taɓa jan hannuna gefe. Ya ɗan ɗaga rigarsa, sai ga gindin fistol a ƙugu. Na ce, "Ranka ya daɗe, a rufe tukuna." A dokar bindigogi ta 1959, fistol na cikin waɗanda shugaban ƙasa kaɗai ke ba da lasisinsu. Lasisin bindigar farauta mai harsashi Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da shi, na bindigar toka kuwa kwamishinan 'yan sanda. In babu lasisi, shingen bincike ɗaya ya isa mutum ya koma wanda ake tuhuma.

Na tambaye shi yaushe zai zaro ta. Ya ce, "In na ga ɓarawo mana." To, a nan gizo ke saƙa. Kare kai yana ƙarewa ne inda haɗari ya ƙare. Wanda ya saɓi buhu ya ba ka baya yana gudu, ka harbe shi, kai za ka tsaya gaban alƙali kana bayani.

Kuma dare ba ya nuna fuska. Akwai yarona da ya maka wa wani kulki da ƙarfe biyun dare yana tsallako katanga, ashe ɗan mai gidan ne ya dawo daga kallon ƙwallo. Kafaɗa ta kumbura, na biya kuɗin magani, na ba da haƙuri har sau uku. Har yau in na tuna cewa kulki ne kawai a hannunsa, sai in yi hamdala.

Alhaji dai ya ɗauki yarana biyu a sito. Muka sa ya koma biyan kuɗi ta tiransifa, ya daina fita lokaci ɗaya kullum, muka kafa fitila mai sola a bayan katanga. Fistol ɗin ya ce ya rabu da ita. Ban sake ganinta ba, ban kuma sake tambaya ba.