Kafin ka ɗauki motar Houston ka nufi Minnesota da hunturu

Daga Oktoba zuwa Disamba, masu ƙaura ne suka fi cika mana gareji a nan Houston. Wani ya samu aiki a Minneapolis, wani makaranta, zai loda iyali da kaya ya kama hanya. Tafiyar ta kusa kilomita 1,900: babbar hanyar I-45 zuwa Dallas, sai I-35 ta Oklahoma City da Kansas City da Des Moines. Ka fito da 'yar riga ɗaya, washegari kana garin da a Janairu sanyi kan zarce digiri 20 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. Motar da ke tashi da kik ɗaya a nan na iya ɗauke da larura biyu ko uku a ɓoye, sanyin can ne zai tona su.

Da lagireto muke farawa, a nan kuma muka fi shan musu. Sai mutum ya ce, "Malam, ai jiya na cika shi." Da me? Da ruwan famfo. Ruwa idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, kuma ba shi da wurin zuwa a cikin injin, sai ya fasa lagireto, ko ya tsaga jikin injin ɗin kansa. Wanda yake garin nan lokacin mummunan sanyin Fabrairun 2021 ya ga haka da idonsa. Haɗin rabi da rabi, maganin daskarewa da tataccen ruwa, yana jurewa har digiri 37 ƙasa da sifili. Zuba maganin zallansa kuma ba gwaninta ba ce, don shi kaɗai yana daskarewa a wajen digiri 13 ƙasa da sifili, sai an gauraya shi yake aiki.

Mu ba ma duba launi mu ce ya yi. Ɗigo ɗaya muke ɗauka mu sa a gilashin na'urar awo, ita ke faɗin inda zai daskare. In ya gaza, a zubar, a wanke, a sake haɗi. Ga inda masu gyara a filin ajiye motoci, da 'yan sifana a but, suke cutar mutane: bayan wanki akwai ruwan da ke maƙalewa a cikin injin, ba ya fita duka. Su sai su juye galan ɗin da aka riga aka gauraya, ragowar ruwan ya tsinka shi, a rufe bonet a karɓi kuɗi. Yadda ake yi, a duba littafin motar. In lita 8 take ci, a fara zuba lita 4 na zallan maganin, irin wanda kamfanin ya ce, sannan a cike da tataccen ruwa. A kunna hita har ƙarshe, a bar injin ya yi zafi iskar ciki ta fita, in ya huce a sake awo. Tiyo kuma a matsa kowanne da hannu. Wanda ya yi laushi ko ya kumbura a bakin ƙulli, a canja.

Sai tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan injin. A garejin da na koyi aiki a Kano cire shi ake yi a jefar, wai yana sa mota zafi, kuma akwai 'yan uwa da suka tsallako da wannan hannun har nan. A Minnesota motar da ba ta da shi, ko wadda nata ya maƙale a buɗe, ba za ta kai zafinta na wajen digiri 90 ba. Hita zai riƙa busa iska mai sanyi, gilas ya yi hazo, fetur ya riƙa tafiya a banza. A gwada iyakwandishan ma, don shi ke busar da iskar da ke share hazon gilas.

Batir kuwa zafin Houston ne ke cinye shi a hankali, sanyi ya ƙarasa. Mita na iya nuna bolt 12.6 alhali ƙarfinsa ya tafi, shi ya sa muke ɗora masa nauyi mu ga ko zai riƙe. Lambar CCA da ke jikinsa ƙarfin da zai bayar ne na daƙiƙa 30 a digiri 18 ƙasa da sifili, kada ka sayi wanda ya gaza abin da littafi ya ce. In ya haura shekara uku kuma awo ya nuna rauni, ba ma ja da kowa, canji ne. Mutum zai tsaya yana neman ragi a kan batir, ya manta kuɗin janwe a tsakiyar Iowa da dare. A kankare farin gishirin kan tamina, a ɗaure tam.

Baƙin mai: masu son 20W-50 don "ya fi kauri" su haƙura. A can da asuba kamar zuma yake komawa, injin ya juya daƙiƙoƙi ba mai a samansa. Abin da aka rubuta a marfi, 0W-20 ko 5W-30, shi za a zuba.

Iskar taya tana raguwa da kusan psi 1, a ma'aunin iskar taya, duk lokacin da sanyi ya ƙaru da digiri 5 zuwa 6. Wanda ya bar nan da 33 zai iya isa da 27. Ka auna da safe kafin ka motsa, a inda ka kwana, ka bi lambar da ke jikin ƙofar direba, ba ta jikin taya ba. Zanen taya in bai kai milimita 5 ba, kada ka shiga dusar ƙanƙara da shi. Tayar hunturu, mai tambarin dutse da ƙanƙara a gefe, huɗu ake saye, ba biyu ba. Ka sa biyu a gaba kaɗai, bayan motar ne zai wulwulo a kwana.

Ruwan wanke gilas shi aka fi rainawa. Duba galan: mai +32°F (ma'aunin Amurka, wato sifili a Salshiyas) na bazara ne, zai daskare a tanki da bututu, ko ya zama ƙanƙara a gilas kana tsakiyar gudu, ga tirela tana watso maka ruwan gishirin titi. A zuƙe tsohon tas, a zuba mai −20°F (kusan digiri 29 ƙasa da sifili a Salshiyas) ko ƙasa da haka, a fesa har sabon ya fito, a sa sababbin waifa.

Ku kawo mota kwana goma kafin tafiya, ba ana gobe ba, don duk abin da aka kwance yana son a tuƙa shi kwana biyu a ga ko yana yoyo. A hanya kada tanki ya sauka ƙasa da rabi. Bargo, tocila, shebur, makankarin gilas da wayar jan wuta su zauna inda hannu zai kai, ba ƙarƙashin katifu ba. In dusar ƙanƙara ta tsare ka kana kunna injin don ɗumi, ka fita ka share bakin salansa, ka ɗan sauke gilas, domin hayaƙin da ke dawowa ciki yana ɗauke da guba marar wari da ke kisa.