Godiya daga iyalan tsohon leburan reluwe, Ƙauran Namoda

Assalamu alaikum. A madadin Inna da yayyena da ƙannena da jikoki, ina miƙa godiyarmu ga duk wanda ya tsaya mana a rashin mahaifinmu, wanda Allah ya yi wa cikawa daren Talatar makon jiya, aka yi masa sutura washegari da hantsi a nan Ƙaura. Jiya aka yi addu'ar bakwai, aka naɗe tabarmi, baƙi na nesa suka fara kama hanya.

Zan fara da samarin unguwarmu. Mutum uku cikinsu suka ba da jini lokacin da Baba yake kwance a asibiti a Gusau, kuma ba mu muka roƙe su ba, ji suka yi a masallaci suka hau mota. Su ne dai suka riga kowa zuwa maƙabarta da diga da shebur tun bayan sallar asuba. Liman da dattawan da suka yi masa wanka, telan da ya ɗinka likkafani ya ƙi karɓar ko sisi, maƙwabtan da suka buɗe mana zaurukansu, matan da kwanukan tuwonsu da kofunan kununsu ba su yanke ba har jiya, Allah ya saka muku da mafificin alheri. 'Yan uwa na Shinkafi da Zurmi da Tsafe, kun san halin da hanyoyinmu suke ciki a shekarun nan, mu ma mun sani. Mun ce ku yi zamanku, waya ta wadatar, amma kuka zo. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Akwai wasu tsofaffi biyu da suka zo rana ta uku, ɗaya jikansa ne ya ɗauko shi a babur, ɗayan yana dogara sanda. Abokan aikin Baba ne na reluwe, ragowar waɗanda suka yi saura. Saboda su na tsawaita wannan rubutu, don abin da suka faɗa a zaure yawancin jikokin Baba ba su taɓa jin sa ba.

Baba bai yi boko ba, allo ya yi. Yana saurayi ya shiga aikin layin dogo a matsayin lebura, a wannan reshe da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtua da Tsafe da Gusau ya ƙare a Ƙaura, wanda aka kammala tun 1929. Aikinsa shi ne bin ƙarfe a ƙafa da guduma da sufana, yana ɗaure notin da ya kwance, yana tura tsakuwa inda ruwa ya zaizaye, da rani kuma yana duba inda zafi ya sa ƙarfe ya karkace. Da kunne yake gane noti mai sako-sako, in ya buga ya ji ƙarar ta canza.

Bayan kashe-kashen 1966, ma'aikatan reluwe 'yan Gabas suka tattara suka koma gida, kuma su ne da yawa daga cikin direbobi da makanikai da akawuna. Aiki ya faɗo kan waɗanda suka rage. Aka shelanta Biyafara ranar 30 ga Mayu 1967, yaƙi ya ɓarke ranar 6 ga Yuli. Layin da ke zuwa Fatakwal ya rufe, sai ya zama gyaɗa da audugar Arewa duka ta Legas za su fita. Man fetur kuwa ya ja baya sosai a farkon yaƙin, domin a inda ake haƙo shi ake fafatawa, don haka ƙasa ta dogara da amfanin gona wajen samun kuɗin waje. Sa'annin Baba da yawa sun tafi soja a lokacin. Shi ma ya so, kakarmu ta ce ba da yawunta ba, shi kaɗai ne namiji a ɗakinta. Helumansu, wato shugabansu a wurin aiki, ya ƙara da cewa in kowa ya tafi, wa zai riƙe hanya?

Da labari ya zo cewa jirgin saman Biyafara ya kai hari Kano, sai aka ƙara musu gadin dare a gadoji da kadarko, bayan aikin yini. Ba bindiga, ba kaki. Tsohon mai sanda ya dafa gwiwata ya ce, "Ɗana, tare munka yi gadin nan da ubanka. Shi ka riƙon fitila, ni ka riƙon gora. In damina ta yi ƙarfi, buhun gyaɗa muka yahwa a kai, har asuba." Ya ce in tarago ya wuce cike da buhuna, Baba yakan tsaya ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, sai na ƙarshe ya haye gadar sannan ya zauna.

Ni dai a ganina wannan ma bautar ƙasa ce, ko da yake ba a ba su lambar yabo, ba a kuma kiran su ranar 15 ga Janairu in ana tunawa da 'yan mazan jiya. Shi Baba bai taɓa ɗaukar abin da girma ba. In muka tambaye shi yaƙi sai ya ce, waɗanda suka je su za ku tambaya, ni noti na ɗaure.

Godiya ta musamman ga wani bawan Allah da ya kira mu daga Inugu. Mahaifinsa makanike ne, maƙwabcin Baba a gidajen ma'aikata. Daren da za su gudu a 1966 ya bar wa Baba keken ɗinkin matarsa da akwati ɗaya a kulle. Inna ta ce a ƙarƙashin gadonta akwatin ya zauna, keken kuma Baba yakan sa masa mai ya lulluɓe da tsohon zane, ko ɗinkin riga bai yarda a yi da shi ba. Bayan an gama yaƙi a 1970 mutumin ya dawo, a rame, ya tarar da kayansa yadda ya bar su. Ya daɗe da rasuwa, amma ɗansa bai yar da zumunci ba. Da Hausarsa ta 'yan kasuwa ya yi wa Inna gaisuwa, ya kuma aiko da abin sadaka. Mun gode, Allah ya bar zumunci.

Da wannan albashi na lebura Baba ya aurar da ƙannensa mata, ya sa mu makaranta maza da mata, abin da wasu suka yi ta yi masa surutu a kai. Da ya ajiye aiki ya koma gonarsa ta gero da dawa, har zuwa shekarun nan da zuwa gona ya gagara. Wannan ya fi ciwon ƙafa damunsa. Mutum ne mai faɗa, ba zan ɓoye ba, musamman a kan makara da aron kayan aiki ba a mayar ba. Duk wanda ya taɓa sha daga bakinsa, muna roƙo ya yafe masa.

Inna tana takaba, tana gaida kowa, mata masu son zuwa ƙofa a buɗe take. Waɗanda suka aiko da saƙo ta waya da Facebook ba mu samu amsawa ba, ku yi mana uzuri, mun gani. Sannan duk wanda yake bin Baba bashi, ko ya ba shi ajiya, komai ƙanƙantarta, don Allah ya samu babban yayanmu a gida bayan sallar la'asar kafin a zauna rabon gado. Allah ya jiƙan Baba da dukkan magabatanmu, ya kyautata namu zuwan.