Ka Mayar da sys.stdout Inda Ka Same Shi

Wani ƙanena mai koyon Python a Tumfure, Gombe, ya juyo mini da kwamfutarsa in duba masa aiki. A sama ya rubuta sys.stdout = open("sakamako.txt", "w"), can ƙasa kuma sys.stdout = sys.__stdout__. sys.stdout ita ce mafitar da print ke tura rubutu; wato ya karkatar da ita cikin fayil, sannan ya nemi mayar da ita. Haka na daɗe ina yi, shi ya sa raina ya ɓaci.

Ina da uzuri. Sai a Python 3.4, shekarar 2014, contextlib.redirect_stdout ya zo, kuma a tagar umarni tsohuwar dabarar tana aiki lafiya lau. Amma uzurin bai wanke ni ba, domin try da finally suna nan tun kafin lokacin. Abin da ban tsaya na gane ba shi ne, sys.__stdout__ mafitar da shirin ya tashi da ita ce, ba lallai ita ce ke aiki lokacin da ka yi sauyin ba. Kayan rubuta Python da gwada shi, irin su IDLE da Jupyter da pytest, kowanne yana ɗora tasa mafitar a kan sys.stdout. In ka koma ta asali, ka tunkuɗe tasu ke nan, sai print ya daina fitowa inda kake kallo. A Windows kuwa, ƙarƙashin pythonw, mai gudanar da Python ba tagar umarni, sys.__stdout__ na iya zama None: print ya yi shiru, sys.stdout.write ya faɗi.

Na kuma sha rufe fayil kafin in mayar da mafita, sai print na gaba ya kawo ValueError. Idan kuskure ya auku a tsakiya ma, layin mayarwar ba ya gudana sam, sauran rubutun duk ya zube cikin fayil.

To ƙannena, ku adana tsohuwar tukuna: tsoho = sys.stdout. Aikin ya shiga try, a cikin finally ku sa sys.stdout = tsoho, sannan ku rufe fayil. Mafi sauƙi, with redirect_stdout(f), inda f shi ne fayil ɗin da kuka buɗe, shi zai mayar ko da shirin ya tuntsure. Layi ɗaya ne fa! Amma yaran yanzu sai su kwafo daga intanet su manna, ba mai buɗe bayanin sys ya karanta.

Wannan duk bai shafi subprocess, wato wani shirin da naka ya tayar, ko laburaren C ba, su kai tsaye suke rubutu a ƙofa mai lamba 1 (file descriptor 1), ba ta sys.stdout ba. Nan sai ka yi flush, wato ka tura rubutun da ke jiran fita, ka adana ƙofar da adana = os.dup(1), ka karkatar da os.dup2(f.fileno(), 1). Da ka gama, ka sake flush, ka mayar da os.dup2(adana, 1), ka rufe adana da os.close. Wanda ya manta flush zai tarar da rubutunsa a inda bai aike shi ba.

Kai, ni da za ku ji tawa, kada ma ku taɓa sys.stdout. Na shirin gaba ɗaya ne, kowane zare (thread) da ke gudana sauyin zai shafe shi, har da na redirect_stdout ɗin da na yaba. In kai ka rubuta shirin, print(sako, file=f) ya wadatar.