Ƙaramin katamaran na mutum ɗaya: wanne za ka iya tayarwa in ya kife?

Duk wanda ya zo min da maganar yana son sayen katamaran da zai riƙa fita da shi shi kaɗai, abu na farko da nake tambayarsa shi ne kilo nawa yake, wasu har mamaki suke yi, amma gaskiya nan maganar take. Katamaran jirgin ruwa ne da iska ke turawa ta ƙyalle, ganga biyu ne da raga a shimfiɗe a tsakaninsu, babu wani nauyi a ƙasansa da zai dawo da shi daidai, don haka ranar da iska ta kwantar da shi ta gefe, kuma fa sai ta kwantar da shi wata rana, nauyin jikinka ne kawai zai tashe shi. Ka saki igiyar babban ƙyallen, ka hau gangar da ke cikin ruwa, ka juya goshin wajen iska, ka jefa igiya ta kan gangar sama sannan ka kwanta da baya har ruwa na taɓa gadon bayanka, kana kallon kan sandar da ke riƙe da ƙyallen yana fitowa a hankali ruwa na zuba daga ƙyallen. In nauyinka bai kai ba haka za ka yi ta lilo har hannu ya mutu, jirgin ko motsi ba zai yi ba.

Shi ya sa nake jan kunnen mutane kan Hobie 16. Jirgi ne mai daɗi wallahi, kuma na hannu sun yi yawa a kasuwa shi ya sa kowa ke faɗawa kansa, amma na mutum biyu ne, nauyinsa wajen kilo 145, sandarsa ta kai mita 8, ko a dokar tsere ma ana so nauyin mutum biyun ya kai kilo 129. To kai mai kilo 70 ya za ka yi? Akwai jakar da ake cikawa da ruwa a rataya a kafaɗa don ƙarin nauyi, tana aiki, amma a cikin igiyar ruwa kana haki kana fama da jaka ba abin da zan so wa sabon shiga ba ne. Ga ɗaga sandar a bakin ruwa, wannan ma kai kaɗai aiki ne ja.

Wanda ya fi shi ƙanƙanta, Hobie 14, wanda Hobie Alter ya fitar a Kalifoniya a 1968, shi dama don mutum ɗaya aka yi shi, wajen kilo 109. Halinsa biyu ne ya kamata ka sani. Gangar siririya ce a gaba, in iska ta taso ta baya sai goshin ya nutse jirgin ya wuntsila gaba da kai, dole ka koyi matsawa can baya da wuri. Sannan da yake asalinsa ba shi da ƙaramin ƙyallen gaba da ake kira jib, wajen juyawa sai ya tsaya cak yana kallon iska ya fara ja da baya, shi ya sa daga baya suka yi samfurin Turbo mai jib. In za ka sayi tsoho ka danna saman gangar da tafin hannu a gaban inda ragar ta fara, in ka ji ta yi laushi tana lotsawa to faibar ta rabu daga ciki, ka bar shi kawai.

Ni ga mai koyo, Hobie Wave nake cewa ya duba. Ƙafa 13 ne, gangar roba ce mai jure duwatsu da ja a yashi, ba ƙarfen ƙasan ƙyalle da zai buge ka a kai, kuma akwai wani abu kamar ƙwallo a kan sandar da ke hana shi kifewa gaba ɗaya sanda a ƙasa. Masu son gudu suna raina shi, eh ba ya gudu sosai in iska ta yi sanyi, amma za ka fita da shi duk ranar da ka ga dama ba sai ka nemi mai taya ka ba. In kana son abin da ya fi shi kuzari akwai Sprint 15 na Rodney March daga Ingila, kilo 104 ko kusa da haka, ana tuƙa shi da babban ƙyalle kaɗai, in hannu ya faɗa a ƙara jib.

A-Class kuwa kilo 75 ne kacal duk da tsawonsa mita 5.49, na kabon ne, sababbin ma tashi suke yi sama da ruwa, amma na gwanaye ne kuma ba ya son karo ko kaɗan.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, in katamaran ya kwanta ta gefe ragar nan tana kama iska, sai ya kama tafiya fiye da yadda za ka iya iyo ka cim masa, kai kuma ba kowa a jirgin. Don haka kana faɗawa ruwa kada ka saki igiya, rigar ceto kuma a jikinka take tun daga bakin ruwa. Kafin ka biya kuɗi ka roƙi mai jirgin ya bar ka ka ɗaga sandar da kanka, ka ja shi a kan tayoyinsa har ruwa, ka kifar da shi da gangan a wuri mai kwanciya wani na kusa da kai a wani jirgin, ka ga ko zai tashi.